Iddar da Za Ta Ƙare a Ɗakin Tiyata

Saki ɗaya Dalhatu ya yi wa Sa'adiya, kuma duk Kadawa babu wanda bai san ba da son ransa ya yi ba. Ranar da ya miƙa mata takardar idanunsa sun fi nata ja. Ita kuwa ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaure kayanta, ta koma rugar mahaifinta Malam Gidaɗo a gefen Bunkure, ba ta ce uffan ba. Wannan rashin cewa uffan shi ne ya kashe auren tun farko.

Sa'adiya tana da ciwo, kuma ciwon a wurin da ba a faɗa yake. Tun tana budurwa mararta ke yi mata zugi kamar an zuba garwashi a ciki. A wuni ɗaya sai ta ɗauki buta sau ashirin, sau talatin, ta je ta tsuguna abin da zai fito bai cika cokali ba, ta dawo ta zauna ya sake matsa ta. In ta ci tumatir, ko yaji, ko wani abu mai tsami, ranar sai ta Allah.

Goggo Tambaya, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta tun rasuwar uwarta, ita kaɗai ta sani. Sau biyu ta kai ta ɗakin shan magani na Kura a ɓoye, aka ba su ƙwayar sanyi, ta sha kamar ba ta sha ba. Daga nan Goggo ta ja mata kunne: ko mijinta kada ta faɗa wa. Mutane ba sa bambancewa, da sun ji kalmar fitsari za su ce yoyo take yi, kuma kowa ya ga yadda ake yi wa masu yoyo. A ware musu ƙwarya, a ware musu tabarma, a daina cin girkinsu.

To, sai ga shi Allah ya kai ta aure garin tumatir. Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya iso gonakin Kadawa Dalhatu ya samu fili a aikin noman rani, kuma kwandon farko da ya tsinka mahaifiyarsa Iya Hajara ce ta yi miyarsa da hannunta, ta zuba tarugu har da na sadaka. Amarya ta gutsuri gayan tuwo ta rufe kwano. Iya ta gani ta haɗiye. Dama ba ta so haɗin ba, tana cewa 'yar ruga ba za ta zauna a gidan manoma ba.

Abin bai tsaya a miya ba. Iya na cikin yi mata magana sai ta miƙe ta fita, ta dawo, a ɗora daga inda aka tsaya, ta sake miƙewa. Ranar zaman makokin yayan Iya, matan unguwa sun ƙirga mata tashi goma sha ɗaya kafin la'asar, kuma ba su bar lissafin a cikinsu ba. Shi kansa Dalhatu akwai ranakun da take juya masa baya tana kuka, ya yi tambayar duniya ta ce ba komai. Har durƙusa mata ya taɓa yi. Ta buɗe baki za ta faɗa, kunya ta shaƙe ta, ta sake cewa ba komai.

Da Iya ta gaji sai ta kira ɗanta ta ce masa raini ya ishe ta, in bai saki yarinyar nan ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Dalhatu ya nemi hujja ɗaya da zai kare matarsa da ita, ya rasa, don ita ba ta ba shi ba.

Sai bayan ta koma gida aka gane tana da cikin wata uku. Iddar mai ciki kuwa haihuwarta ce. Muddin ɗan yana ciki, Dalhatu na iya cewa ya mayar da ita, aure ya koma yadda yake ba sai an tara kowa ba. Amma da zarar ɗan ya faɗo duniya ta zama bazawara, sai da sabon sadaki da yardar waliyyi, kuma Malam Gidaɗo ya rantse ko shi da Dalhatu ne suka rage a duniya ba zai sake ba shi 'yarsa ba.

Wata shida Sa'adiya tana sauraren ƙarar keken Dalhatu a bakin ruga. Keken bai zo ba. Wanda yake zuwa shi ne Hambali dillalin albasa, wanda matarsa ta rasu bara, da motarsa mai buɗaɗɗen baya. Tun da magudanan ruwa suka datse burtali shanun Malam Gidaɗo suka rasa hanyar kiwo, Hambali ne ya buɗe musu gonakinsa su ci kara da harawa. Bai taɓa cewa yana son Sa'adiya ba, don ya san ba a neman aure cikin idda, amma ko shanun sun gane abin da ke kawo shi.

Naƙuda ta kama ta ranar Talata da hantsi. Ta yi abin da ake so 'yar Fillo ta yi a haihuwar fari, ta cije bakin zani, ko nishinta ba a ji ba. Har Laraba ta waye babu labari. Ungozoma ta shafa cikin ta sake shafawa, ta fito ta ce ɗan a gicciye yake, wannan ya fi ƙarfin hannunta, a yi birni da ita.

Motar Hambali ce ta ɗauke su, dama tun asuba tana fake a ƙarƙashin tsamiya. Aka shimfiɗa mata tabarma a baya inda warin albasa ya kama katako, Goggo ta tallafe kanta, Malam Gidaɗo ya shiga gaba.

Hanyar da ke bin gefen babban magudanin ruwa duk gargada ce, kuma kowane rami a mararta yake sauka. Sau huɗu Goggo tana buga bayan mota a tsaya, ta sauko da ita, ta kare ta da zani. Maza biyu suna gaba sun kau da kai, suna zaton naƙuda ce. Sa'adiya tana tsugune a bakin hanya, mahaifinta da manemin aurenta suna jiran ta gama, ta roƙi Allah ya ɗauki ranta a wurin ta huta.

Da suka zo wucewa ta gonakin Kadawa sai ga Dalhatu tsaye cikin ruwa da fartanya, wando a naɗe. Goggo, wadda ta fi kowa iya riƙe baki, ranar sai ta ɗaga murya ta ambaci asibitin birni kamar da iska take magana. Sa'adiya ba ta ɗago ba, amma ta ji ƙarar faɗuwar fartanya a ruwa.

A asibiti wata nas mai suna Sista Kubra ce ta karɓe ta, doguwar mace mai saurin hannu da saurin baki. Likita ya duba ya ce fiɗa za a yi a ciro ɗan, kuma ba a jima ba. Sai Sista ta zo da wata siririyar roba ta ce dole a sa mata a mafitsara kafin a shiga da ita.

Robar na shiga Sa'adiya ta ƙwalla ƙara. Yarinyar da ta yi kwana da wuni tana naƙuda ba a ji muryarta ba, ga ta tana ihu a kan 'yar roba. Sista ta dakata ta dube ta, ta ce wannan ba zafin roba kaɗai ba ne, me yake damunta a wurin, kuma tun yaushe? Ta tambaya ne kai tsaye kamar mai tambayar kuɗin gishiri, kuma wataƙila shi ya sa amsar ta fito. A gutsure ta fito, da kuka, fuska a bango.

Sista ta kira likita suka yi turancinsu, ya yi tambayoyi ta bakinta, sannan ta juyo ta fassara. Ba yoyo ba ne. Ba kuma ciwon da ake ɗauka wurin namiji ba ne. Ga dukkan alamu bangon mafitsarar ne ya yi ɗanye kamar gyambo, shi ya sa ko ɗan fitsari kaɗan ya taru sai ya ƙone ta, abu mai yaji da mai tsami kuma su ƙara hura shi. Likita ya ga mata masu irinsa. Ba ya warkewa ɗungurungum, sai dai a lallaɓa shi. Ya ce zai bi a hankali, don mafitsarar tana gaban mahaifa daidai inda zai yanka, kuma robar za ta kwana biyu a jikinta ko da tana ƙona ta.

Shekara bakwai Sa'adiya tana zaton ita kaɗai Allah ya yi wa wannan abu a duniya. Ba ta gama mamakin ba ta jiyo muryar Sista a baranda tana tambayar ina mijin mai naƙuda, ya zo ya dangwala hannu a takarda.

"Ba ta da miji," in ji Malam Gidaɗo. "Ni ne ubanta."

Sai wata murya ta amsa daga ƙasa, muryar mutumin da ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

"Baffa, a yi mini afuwa. Har yanzu da igiyata a kanta."

"Igiyar da saura rabin sa'a ta tsinke. Wata shida kana ina?"

Ashe Dalhatu ne, motar tumatir ya tare ya biyo su, laka har gwiwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, don Sa'adiya ta ji gyaran muryar da ko a mafarki ta san ta. Iya Hajara ta biyo ɗanta, a faɗarta don ta ga jikanta, amma kowa a barandar ya san bakin Dalhatu ta zo tsarewa. Ta tuna masa maganarta tana nan ba ta janye ba. Sista ta ce ita ba shari'a ta zo yi ba, ran mutum biyu ne a hannunta. Malam Gidaɗo ya dangwala yatsa.

Aka turo Sa'adiya a gado mai taya, kuma hanyar ɗakin tiyata ta barandar nan ta bi. A gefen gadon an rataye kwalba, robar ta sauka cikinta, fitsari jaja-jaja yana ɗiga a gaban mahaifinta, da surukarta, da Hambali, da mutumin da take so. Ta ja mayafi ta rufe fuska har wuya. Da ana mutuwa don kunya da ba a kai ta ɗakin ba.

Gadon ya tsaya. Dalhatu ne ya riƙe ƙarfensa.

"Sa'adiya, ban zo in tone miki asiri ba. Wata shida ina zuwa har bakin magudanin rugarku ina juyawa, don ban san abin da zan ce wa Iya ba. In ba kya so na ne ki faɗa, in saki gadon nan in tafi. In kuwa da wani abu, ki ba ni ko kalma ɗaya in riƙe."

Ta ji hannun Goggo ya matse mata ƙafa, ma'ana ta yi shiru. Ta ji naƙuda ta taso ta murɗe ta ta sake ta. Ta san in ta yi shiru mutuncinta na nan, za ta fito bazawara, bayan arba'in a kai ta gidan Hambali da sabon lefe, can ma ta fara ƙirga tashi da zama har a gaji da ita. In ta yi magana kuma, a gaban Baffa za ta ambaci abin da 'ya ba ta ambata a gaban uba.

Ba ta buɗe fuskar ba. Daga ƙarƙashin mayafi ta amsa wa Dalhatu.

"Malam, fitsari ne. Ciwo gare ni a mafitsara tun kafin ka san ni. Ba na iya riƙe shi, in na riƙe kamar wuta. Duk tashin da nake yi Iya na magana, makewayi nake zuwa. Miyar Iya ban ƙi ta don raini ba, wallahi har yau ina jin ƙanshinta, in na ci ne ba na iya tsayuwa. Ranakun da na juya maka baya ma shi ne." Kuka ya ci ƙarfinta, ta haɗiye ta ci gaba. "Na ji tsoro a ce yoyo nake a ware mini kwano. Gara a ce mini marar kunya da a ce mini mai wari. Iya, ki yafe mini. Baffa, ka yafe mini abin da kunnenka ya ji."

Ta ji takun mahaifinta ya matsa can gefe, ta ji Hambali ya yi tari ya ce bari ya duba mota, amma ba ta ji fitarsa ba. Sista ta ƙara da nata a gajarce, cewa likita ya tabbatar ba yoyo ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, sannan ta ce a sakar mata gado.

Sa'adiya ta kasa kunne. Kalma huɗu kawai take jira, na mayar da ke. Ta ji numfashin Dalhatu, ta ji ya ce "Iya" a hankali, irin kiran mai neman izini. Iya ba ta amsa ba.

Hannunsa ya bar ƙarfen. Tayoyin suka gungura, ƙofa ta buɗe ta rufe. Ta tona asirinta a gaban duniya, kuma ga alama a banza. Da aka kifa mata abin shaƙa a hanci aka ce ta ja numfashi, ta ja da ƙarfi, don a lokacin ba ta ƙi a ce ba za ta farka ba.

Ta farka rana ta yi sanyi, a wani dogon ɗaki mai gadaje jere. Cikinta kamar an ɗora dutsen niƙa, ƙasan mararta yana ci da wuta biyu, ta yanka da ta roba. Ta lalubi cikin ta ji ya sauka. Idda ta ƙare ke nan.

Ba ta da bakin tambaya. Ɗan fari ne, 'yar Fillo ba ta tambayar ɗan fari ko da ranta zai fita, balle ta tambayi namiji. Ta kwanta hawaye na gangara mata cikin kunne.

Sai ta ji motsi a ƙarƙashin gadon. Ta karkato da kai da ƙyar, tana zaton Goggo ce ko mai shara. Iya Hajara ce durƙushe, ta naɗe hannun riga, tana cire kwalbar da ta cika tana sa wata kamar yadda Sista ta nuna mata.

Sa'adiya ta fizgo mayafi za ta rufe fuska, ɗinkin ya ja ta, ta yi ƙara.

"Bar mayafin nan," in ji Iya, ba ta ko ɗago ba. "Rufe-rufen nan naki shi ya kai mu inda muke."

Ta miƙe da kwalbar a hannu tana dafa gwiwa. Ta ce mace aka samu, tana da rai da lafiya, tana wurin Tambaya, kuma hancin gidansu ta ɗauko ba na ruga ba. Ta ce kada Sa'adiya ta ɗauka haushinta ya huce. Shekara guda Sa'adiya ta bar ta tana ɗaukar alhakinta, tana zaginta a gaban matan unguwa, ta sa ta raba ɗanta da matarsa a kan abin da baki ɗaya zai warware. Wannan nauyi da wa za ta raba shi ranar gobe? Tana gama faɗa ta murtuke fuska.

"Ki gyara ɗankwalinki. Mijinki na bakin ƙofa tun azahar, sun hana shi shiga."

Kunya ta taso mata kamar kullum, ta zo wuya ta tsaya, amma yau ta riga ta san hanyar wuce ta.

"Iya, kafin a ciro ta ya faɗa, ko bayan?"

Iya ta dube ta sosai, karo na farko tun ranar da aka kawo ta gidan amarya.

"Kafin. Ƙofa na rufuwa ya tsaya yana kallona kamar an dasa shi. Na ce masa in ya bari jaririn nan ya yi kuka bai buɗe baki ba, to wannan ne ban yafe ba. Sau uku ya ce ya mayar da ke, har masu jinya suka leƙo. Ubanki ya shaida, ba da daɗin rai ba. Mai albasar nan ma ya shaida, Allah ya saka masa."

Ta juya ta nufi ƙofa. Wata mai jinya a gadon kusa ta miƙo mata tsumma ta rufe kwalbar, Iya ta ce a bar shi, na 'yarta ne. Haka ta ratsa ɗakin tun daga wannan bango har wancan, kwalbar a buɗe a hannunta, tana amsa barka.